Abin da Shago Ke Faɗa a Bayan Idon Mai Shi

Duk wanda ya rubuta sunan wani kaya a Google, abin da ke fito masa jerin gajerun rubuce-rubuce ne, kowanne da take mai launin shuɗi, da adireshin shafi, da layi biyu na bayani. A kan waɗannan 'yan layuka mai saye yake yanke shawarar shagon da zai shiga, sau da yawa tun kafin ya ga hoton kayan ko ya san sunan mai su. Mafi yawan layukan nan kuwa babu wanda ya zauna ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, domin shagon da ke da kaya kala dubu ba shi da wannan lokacin. Abin da ake yi shi ne a tsara zubi guda, a bar gurabe a cikinsa, manhajar shagon ta riƙa cusa sunan kowane kaya da launinsa a gurbin da aka tanada. Duk kayan da ba a rubuta masa nasa bayanin na musamman ba, wannan zubin ne zai yi magana a madadinsa. Shi ne za a kira zubin asali a wannan rubutu.

Masana kwamfuta suna kiran irin waɗannan bayanai metadeta, wato bayani a kan bayani. Wanda ya yi karatu a zamanin akwatunan kati na ɗakin karatu ya san abin tun kafin a ba shi wannan suna. Katin ba shi ne littafin ba, amma a kansa ake samun sunan marubuci da shekarar bugu da lambar kanta, kuma littafin da aka yi kuskure a katinsa zai iya shekara goma a ajiye babu wanda ya taɓa shi. Shafin kaya a intanet yana da irin wannan kati, a ɓoye a saman rubutun da kwamfuta ke karantawa. Mai ziyara ba ya ganinsa a cikin shafin, sai dai ya gamu da shi a waje, a sakamakon bincike ko a saƙon da wani ya turo masa.

Guraben da ke kan katin

Gurbi na farko shi ne taken shafi. Google kan nuna abin da bai wuce haruffa hamsin zuwa sittin ba, ya datse sauran da ɗigo uku, saboda haka abin da aka sa a gaba shi ne ke tsira. A watan Agusta na 2021 kamfanin ya sauya yadda yake zaɓen taken da zai nuna, wata guda bayan haka kuma ya bayyana cewa yana amfani da taken da mai shafi ya rubuta a kusan kashi 87 cikin ɗari na lokuta. Ragowar kason ya haɗa da shafukan da takensu ya yi tsawo ainun, ko aka cika shi da maimaicin kalmomi, ko ya zama iri ɗaya a shafuka da dama, ko kuma rabinsa ya fito babu komai. Waɗannan duka cututtuka ne da zubin da ba a kula da shi ba yake haifarwa.

Gurbi na biyu shi ne taƙaitaccen bayani, wanda abin da ake gani daga cikinsa kan tsaya wajen haruffa 155 zuwa 160. Na uku shi ne jerin kalmomin bincike, kuma wannan ya daɗe da mutuwa. A shekarun 1990 injinan bincike irin su AltaVista sun dogara da shi, sai masu shafuka suka riƙa cusa masa kalmomin da ba su da alaƙa da abin da suke sayarwa, har ya zama babu abin gaskatawa a cikinsa. A watan Satumba na 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya duba wannan gurbi wajen jera sakamako. A sanarwar ya ƙara da cewa shi ma taƙaitaccen bayanin ba ya ɗaga shafi sama, sai dai akan nuna shi ga mai bincike. Ke nan wannan bayani ɗan Adam ake rubuta wa, mutumin da ke riƙe da waya yana tunanin inda zai kai kuɗinsa.

Akwai wasu katuna biyu da suka zo daga baya. A 2010 Facebook ya fito da tsarin Open Graph, wanda shi ne ke sa hoto da take su bayyana idan aka tura adireshin shafi a WhatsApp. A watan Yuni na 2011 kuma Google da Microsoft da Yahoo suka haɗu suka kafa Schema.org, wata yarjejeniya ta yadda shafi zai gaya wa na'ura farashin kaya, da irin kuɗin da aka yi farashin da shi, da ko kayan yana nan ko ya ƙare.

Kowace manhajar shago tana da abin da take yi idan aka bar guraben nan ba a taɓa ba. Shopify yana ɗaukar sunan kaya ya mai da shi take, ya yanko farkon bayanin kayan ya mai da shi taƙaitaccen bayani. Magento yana da wurin da ake rubuta zubi, kuma nasa na asali yana jera sunan kaya sannan bayaninsa, yana cika guraben a lokacin da ake ƙirƙirar sabon kaya. Masu WooCommerce da yawa suna ɗora masa Yoast, wanda zubinsa na take shi ne sunan kaya, da alamar rabewa, da sunan shago. WordPress kuwa ya yi shekaru yana zuwa da wani kirari na Turanci mai ma'anar cewa wannan wani shafin WordPress ne kawai, kuma shafuka marasa adadi sun rayu da wannan kirari a goshinsu saboda masu su ba su san yana nan ba.

Dalilin da ya sa wannan ya cancanci a tsaya a kansa shi ne ɗabi'ar mutane ta barin abu yadda suka same shi. A 2003 Eric Johnson da Daniel Goldstein sun wallafa wani nazari a mujallar Science kan amincewa da ba da sassan jiki bayan mutuwa a ƙasashen Turai. A Jamus, inda sai mutum ya nemi a sa sunansa, kashi 12 cikin ɗari ne suka shiga. A maƙwabciyarta Ostiriya, inda kowa yana ciki sai wanda ya nemi a cire shi, adadin ya haura kashi 99. Idan haka zaɓin asali yake tasiri a kan abin da ya shafi jikin mutum, to gurbin da ke can ƙasan shafin saituna na shago, da wuya a sake waiwayarsa bayan ranar farko.

Kalma ɗaya a kan turame dubu

Akwai wata Hajiya a Kano da ta gaji sana'ar atamfa da shadda da leshi daga mahaifinta, wanda ya yi shekaru da rumfa a Kantin Kwari. Ta daɗe tana ciniki ta WhatsApp, tana ɗora hotuna a kan matsayinta, tana amsa tambayar farashi sau ɗari a wuni. Da abin ya yi mata yawa, sai ɗan ƙaninta da ya karanci kwamfuta ya gina mata shagon intanet. Ya yi aikin da kyau: ya ɗauki hotuna cikin haske, ya shigar da kaya kusan kala dubu, kowanne da sunansa da farashinsa da ƙasar da aka yi shi. Da ya zo kan zubin asali, sai ya rubuta abin da ya saba gani a sauran shaguna. Bayan gurbin sunan kaya ya ƙara cewa gangariya ce, farashi mai rahusa, ana kaiwa ko'ina kyauta. Cikin minti biyar ya gama, manhaja kuma ta liƙa wannan jimla a katin kowane turmi.

A rumfar Hajiya akwai atamfar Vlisco da ake yi a garin Helmond na ƙasar Holan, akwai shaddar Getzner daga Bludenz ta Ostiriya, akwai kuma atamfofi masu sauƙin kuɗi da ake shigowa da su daga Sin, waɗanda wasunsu zanensu ya yi kama da na masu tsadar. Sayar da mai sauƙin kuɗi ba laifi ba ne, kuma shi ne ma abin da yawancin masu saye ke iya kaiwa. A rumfa, yaran shago sun san ƙa'idar gidan tun zamanin Alhaji: a gaya wa mutum abin da ke hannunsa kafin ya ƙirga kuɗi. A cikin shafin kowane kaya ma ɗan ƙanin nata ya rubuta gaskiyar inda aka yi shi. Katin da ke waje ne kaɗai yake kiran komai gangariya.

Wata mata a Abuja da ke haɗa lefen ƙaninta ta samu adireshin wani turmi daga ƙawarta a WhatsApp. Hoton ya fito, ƙarƙashinsa take da kalmar gangariya. Ta shiga, ta danna, ta biya turame huɗu, ba ta gangara ƙasan shafin ba. Farashin ya isa ya sa ta yi shakka, amma ta ɗauka garaɓasa ce. Wanda ya san yadda ake karɓar lefe ya san abin da ke cikin wannan. Gwaggonni da innonin amarya za su buɗe akwati, su ɗaga kowane zane, su murza shi tsakanin yatsu, su duba bakin turmin inda tambari yake. Allah ya sa wata yayarta ta gano tun a gida, kafin akwatunan su fita. Matar ta kira Hajiya rai a ɓace, ta turo mata hoton saƙon da ta gani. Hajiya ta duba, ta ga sunan shagonta, wato sunan mahaifinta, a jikin maganar da ba ta taɓa furtawa ba. Ta mayar wa matar da kuɗinta, ta ɗauki nauyin dawo da kayan, sannan ta aika a kira mata yaron.

“Gwaggo, ai haka kowa yake rubutawa,” in ji shi. “Kalmar ce take jawo mutane su shigo.”

“To ɗan nan, wanda kalmar ta jawo, in ya zo wa zai kama? Kai ko ni?”

Bai ce komai ba. Ta sa ya buɗe mata wurin da aka rubuta jimlar, ta ce ya karanta mata a hankali, ita kuma tana tsayar da shi a kan kowace kalma da tambaya guda: shin wannan gaskiya ne a kan kowane turmi da ke cikin shagon, yau da kuma wata shida masu zuwa?

Abin da ke zama a zubi da abin da ke fita

Tambayar Hajiya ita ce ma'aunin da ya fi dacewa da wannan aiki. Zubin asali ya ƙunshi abu iri biyu. Akwai kafaffen rubutu, wanda zai fito iri ɗaya a kan kowane kaya, akwai kuma gurabe, waɗanda ake cikawa daga bayanan kowane kaya. Duk abin da aka sa a kafaffen rubutu alkawari ne da aka ɗauka sau dubu a lokaci guda, don haka bai kamata ya wuce abin da ya tabbata a kan dukkan kayan ba: sunan shago, garin da yake, wataƙila da cewa ana aikawa zuwa wasu garuruwa. Duk abin da ya bambanta daga kaya zuwa kaya, kamar kamfani da ƙasa da launi da yawan yadi, wurinsa gurbi.

Da wannan ma'auni kalmar gangariya ta fita, aka maye gurbinta da sunan kamfani ko ƙasar da aka yi kayan. Turmin Holan ya faɗi kansa, na Sin ma ya faɗi kansa, mai saye ya zaɓa da idonsa buɗe. Alkawarin kai kaya kyauta shi ma ya fita. Tun bayan da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama abin da babu ɗan kasuwar da zai yi rantsuwa a kansa na wata guda. Haka batun farashi. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, darajar naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka riƙa sauya farashi cikin makonni. Farashin da aka rubuta da hannu a taƙaitaccen bayani yana nan daram bayan an sauya na cikin shafi. Ko da ma daga gurbi ake ɗauko shi, abin da Google ke nunawa kwafin ranar da manhajarsa ta leƙo shafin ne, wanda zai iya kwana biyu. Mai saye da ya ga farashi ɗaya a waje ya tarar da wani a ciki ba zai zargi na'ura ba, mai shago zai ce ya yi masa wayo. Saboda haka farashi ya fi dacewa da katin Schema.org, wanda manhajar ke sabuntawa daga inda take ɗauko farashin shafin, tare da alamar kuɗin da ta dace, NGN ga naira, XOF ga sefar Nijar.

Gurabe ma suna da nasu tarkon. Idan zubi ya ce a jera suna da launi da yawan yadi, sannan aka shigar da wani kaya ba a cika masa launi ba, takensa zai fito da giɓi tsakanin alamomin rabewa biyu, kamar bakin da haƙori ya fita. Maganin wannan yana wurin shigar da kaya: a mai da guraben da zubi ya dogara da su na tilas, ta yadda ba za a iya ajiye kaya ba sai an cika su. Idan kuma zane ɗaya yana da launi biyar, kowanne da shafinsa, to dole launin ya shiga take, in ba haka ba shafuka biyar za su fito da suna ɗaya, injin bincike ya zaɓi wanda ya ga dama. Tsarin jeri shi ma yana da muhimmanci, tunda ƙarshen take ake datsewa. Sunan shago ya koma baya, abin da mai saye ya zo nema ya zo gaba.

Akwai wani saiti guda da ya fi duk waɗannan haɗari saboda ba ya yin ƙara. A WordPress akwai ɗan akwatin da ake dannawa don a roƙi injinan bincike kada su sa shafin a jerinsu. Masu gina shafi kan kunna shi yayin da aiki bai kammala ba, kuma hakan daidai ne. Idan aka buɗe shago aka mance ba a kashe shi ba, komai zai yi aiki lafiya ga wanda ya san adireshin, amma baƙo ba zai taɓa cin karo da shagon ba.

Ƙugiya da sunayen kaya

Mai shago Bahaushe yana da wata matsala da littattafan koyar da wannan aiki ba su tanadar mata amsa ba. Tun shekarun 1930 rubutun boko yake amfani da haruffa masu ƙugiya, kuma ƙugiyar tana raba ma'ana: kaya daban, ƙaya daban, baƙi daban, baki daban. Sai dai mafi yawan masu waya ba sa sa ƙugiya idan suna bincike. A tsarin Unicode, harafin Faransanci mai alama a ka ana iya raba shi gida biyu, harafi da alamarsa, don haka manhaja tana iya cire alamar ta daidaita kalmomin biyu. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba sa rabuwa haka, kowannensu harafi ne mai zaman kansa. Akwatin bincike na cikin shago da ya dogara da waccan dabara zai iya ce wa wanda ya nemi dankwali babu, alhali ɗankwali na nan jibge. A adireshin shafi kuma, harafin ƙ kan rikiɗe ya zama %C6%99 idan aka kwafe shi aka tura, abin da ke sa adireshin ya yi kama da na 'yan damfara.

Mafita mai sauƙi ita ce a raba aikin. Take da bayani, waɗanda mutum zai karanta, a rubuta su da ingantacciyar Hausa da ƙugiyoyinta. Adireshi a bar shi da haruffa marasa ƙugiya. Binciken cikin gida kuma a koya masa cewa rubutun biyu abu ɗaya suke nufi.

Sannan ga batun suna. Abin da ake kira atamfa a Kano, mai saye a Legas Ankara yake ce masa, kalmar da kuma ita ce sunan babban birnin Turkiyya. Shadda kuwa a Maraɗi da Yamai da Damagaram mai rubutu da Faransanci bazin zai nema. Zubi ba zai iya ɗaukar dukkan sunayen nan ba tare da ya koma irin cushen da ya kashe gurbin kalmomin bincike ba. Mai shago ne zai tsaya ya tambayi kansa su wa yake sayar wa, ya ba sunan da suke amfani da shi gaba, ya ƙara na biyu idan akwai wuri. Hajiya ta san amsar ba tare da duba wani jadawali ba, domin shekara da shekaru tana karanta saƙonnin masu saye, ta san kalmomin da suke fara magana da su. Ta zaɓi atamfa a gaba, Ankara a bayanta.

Bayan an gyara zubin, ta ware kayan da suka fi tsada da waɗanda aka fi nema, kimanin talatin, ta ce waɗannan da bakinta za ta faɗi bayaninsu, yaron ya rubuta. A nan ne aka samu irin maganar da zubi ba zai iya yi ba, kamar cewa wannan shaddar tana riƙe ƙyallinta bayan wanki, ko wancan leshin ya yi nauyi ga lokacin zafi. Manhajojin shago suna ba da wannan dama: abin da aka rubuta da hannu shi ne ke gaba, zubi yana shiga ne kawai inda aka bar gurbi.

Sauran aikin na lokaci-lokaci ne. Duk wanda ke da shago zai iya rubuta kalmar site da ɗigo biyu da adireshin shagonsa a Google, ya ga shafukansa yadda baƙo ke ganinsu. Zai iya tura adireshin kaya uku ko huɗu zuwa wayarsa ta WhatsApp, ya duba hoton da taken da suka fito. Ya kamata a yi hakan duk lokacin da aka kawo sabon rukunin kaya, domin jimlar da ta yi daidai a kan atamfa za ta iya zama shirme ranar da aka fara sayar da takalma da jakunkuna, ta riƙa ambaton yadi shida a ƙarƙashin hoton takalmi.